Gwaggo da Akwatin da Ke Bangon Gidanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ban san kaina ba, ta koma ga Ubangijinta bayan sallar asuba a gidanta da ke unguwar Sakasaka a Tamale, cikin tsakiyar zafin bazarar bana. An yi mata sutura bayan la'asar. 'Yan'uwanmu na Kumasi sun iso ana shirin fitowa da ita, ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya sauka daga Akra ta jirgin sama tun kafin azahar.

Cikin duk waɗanda suka zo ranar, matan Fulani ne suka fi karya mini zuciya. Su ba su ji ba. Sun taho daga rugagensu na bayan gari da nono a ka, kamar yadda suka saba kowace safiya, sai suka kawo kai lungunmu suka ga an kafa rumfa an jera kujeru. Babbarsu, wata doguwar tsohuwa da ta yi shekaru tana kawo wa Gwaggo nono, ta tsaya ta dubi jama'a, ta dube ni. Ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta zauna a ƙasa a gefen kwata, ta rufe fuska da gefen zane. Da aka ce su shigo, suka ce a ɗauki nonon a dama wa masu zaman makoki fura.

Matan kasuwa sun cika tsakar gida, kowa na ba da nata labarin. Wata ta ce Gwaggo ta taɓa zaginta tas a gaban mutane, washegari kuma ita ce ta kai ta asibiti. Aka yi 'yar dariya cikin kuka, domin kusan kowa a wurin yana da irin wannan labarin. Liman ya ce shi dai shaidarsa ɗaya ce: bai taɓa jin ta yi alkawari ta saɓa ba. Wayarta tana ƙarƙashin matashi tana ta ƙara, ni ce nake ɗauka ina faɗa wa masu neman wagashi, cukun da take sayarwa, cewa mai wagashi ta tafi.

Can da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta, wata baƙuwa da ban sani ba ta ɗaga kai ta dubi farin akwatin da ke manne a saman bangon gidan, ta ce wa ta kusa da ita, mutum ya yi shekaru yana kwana ƙarƙashin wannan abu, ai dole. Ta faɗa a hankali, amma na ji. Ranar ba ranar gardama ba ce. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, ta ga jikokin ƙawayenta sun yi aure, hawan jini ya daɗe yana damunta tun kafin a san akwatin. Ba na son a riƙa tuna ta da wannan raɗa. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na sani game da ita, da yadda aka yi akwatin ya hau bangonta.

Kakanninta fataken goro ne da suka biyo ta Salaga suka yada zango a Tamale. Ita kuwa nono ta riƙe. Tana sayensa daga hannun Fulani, ta dafa, ta zuba ruwan ganyen tumfafiya ya kama, ta tsane shi a ƙananan kwanduna ya zama wagashi. Wani ta rina shi ja da karan dafi, wani ta soya wa masu sayar da wake da shinkafa. Ba ta ɗanɗana nono don ta san ko an yi masa haɗi. Yatsa take tsomawa ta ɗaga ta ga yadda yake gangarowa, sannan ta dubi mai nonon. Galibi duban ya wadatar.

Ba ta son dogon zance. Kowa ya zo mata da magana, ko surukinta ne, ko ɗan majalisar unguwa, abin da take fara cewa shi ne, "A taƙaita, nono na kan wuta." Tana faɗin haka ko da murhu a kashe yake. A waya ma haka take: sallama, abin da ya sa ta kira, sai ka ji ɗif. Na yi shekaru ina ce mata ana yin ban kwana kafin a kashe, ta ce ai ba tafiya za ta yi ba.

Tana da kaifin harshe, ba zan ɓoye ba. Kuma ban taɓa jin ta ce wa wani ya yi haƙuri ba. Idan ta san ta wuce gona da iri, sai ta soya wagashi ta zuba a kwanon sha mai murfi ta aika. Duk unguwa an san ma'anar wannan kwano. Ni kaina na karɓe shi sau da yawa, musamman lokacin da na nace sai na yi karatun koyarwa ita kuma tana son in gaje ta a murhu.

Lungunmu yana bayan wasu benayen shaguna da aka gina a bakin titi. Gidaje a cunkushe, rufin kwano kan rufin kwano. Dogon ƙarfen kamfanin waya yana can ƙetaren titi, muna hango jar fitilarsa, amma netwok ba ya shiga ɗakunanmu. Wuri ɗaya ne ake samu a duk lungun: kan wani falalen siminti da aka gitta a kan kwata, a bakin shagon tela. Nan kuma maza suke ajiye benci suna hira. Duk wanda zai yi waya sai ya hau simintin, duk abin da ya faɗa kuma masu benci sun ji. An san wanda matarsa ta yi yaji, an san wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa, tun kafin mutanen gidansu su sani.

Akwai wata amarya da ta kama haya a ɗakin ƙarshe na gidanmu, mijinta ya tafi Libiya neman aiki. Ba kullum yake samun damar kira ba. Idan lokacin da suka yi alkawari ya yi, sai ta fita ta hau simintin, kanta a sunkuye, ba abin da take iya cewa sai "to" da "lafiya lau". Gwaggo ta lura. Daga nan, duk ranar da amaryar za ta fita, sai Gwaggo ta yafa gyale ta bi ta, ta tsaya a gaban benci ta tayar wa mazan da gardama da babbar murya, kan tsadar gawayi ko kan wanda ya zubar da shara a kwata. Tana yi suna kare kansu, har yarinyar ta gama magana da mijinta a bayanta. Ba ta taɓa ce wa amaryar don ita take yi ba.

Mahaifina yana zaune a Kumasi, yana ɗinkin huluna a zango. Shi ne ƙaramin ƙaninta, ita ta goya shi. Wata rana cikin damina ruwa ya tsinke tun da asuba, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ba makaranta ranar, Fulani ma ba su zo ba, duk muna ɗaki. Kwata ta cika ta shanye simintin. Da ruwa ya tsagaita na fita don in kira wata abokiyar aikina. Ina hawa simintin, wayata ta fara rawa a hannuna, saƙo kan saƙo. Baba ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, rai ya yi halinsa. 'Yan'uwa sun yi ta kiranmu, ni da Gwaggo, ana ce musu ba a samunmu. Sun jira har azahar ta wuce, sannan suka kai shi makwancinsa. Da mun ji da safe, da mun isa.

Ni na shiga na faɗa mata. Tana zaune kan tabarma tana tsinke ganyen tumfafiya. Ta yi salati, ta ɗauki wayarta da ke gefen ƙafarta ta juya ta, ta mayar ta ajiye. Ba ta yi kuka a gabana ba. Washegari muka hau mota muka je aka yi zaman makoki da mu. A hanyar dawowa, mun kusa Tamale, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba:

"Ni na yi masa wankan farko. Ya kwanta ban ga fuskarsa ba, waya tana gefena."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

An yi damina biyu ko fiye kafin mutanen kamfanin waya su shigo lungunmu tare da ɗan majalisar unguwa. Lokacin an riga an fara ganin ƙananan akwatunan nan a jikin turakun fitilun babbar kasuwa da tashar mota, amma ba wanda ya damu ya san na mene ne. Suna neman inda za su maƙala ɗaya. Turken wutar lungunmu na katako ne, ya karkace, wayoyi sun yi masa yawa. Masu gida biyu da aka fara tambaya sun ƙi: ɗaya ya ce ya ji abin yana kawo ciwo, ɗaya ya ce ba ya son baƙi su riƙa hawa masa bango. Bangon Gwaggo yana da tsayi, kuma yana daidai kwanar da lungun ya rabu biyu.

Injiniyan wani Badagombe ne mai sanyin magana. Gwaggo ta ce ya taƙaita, ya kuwa taƙaita. Ya ce dogon ƙarfen da ke ƙetaren titi yana ɗaukar yanki mai faɗi, amma benaye da kwano suna tare shi, kuma yanzu kowa na riƙe da wayar kallo, idan jama'a suka taru a kansa sai ya cushe. Shi wannan ƙaramin, wanda suke kira "sumol sel", lungu ɗaya ko biyu kawai yake ɗauka, ƙarfinsa kaɗan ne, amma yana kusa da mutane. Ya ce nan gaba irinsa za su yi yawa a duk inda gari ya cika, domin ba ko'ina ake da filin kafa dogon ƙarfe ba.

Gwaggo ta ce, "To, famfon unguwa ke nan. Maimakon kowa ya tafi dam."

Ya ce haka ne. Ta tambaye shi ko yana da injin janareta mai hana barci, ya ce a'a, wutar gida yake sha, kaɗan. Ta tambaya ko yana sauraren hirar mutane, ya yi murmushi ya ce ba shi da kunne. Sai ta tambaye shi ko zai yarda a sa shi a kan mahaifiyarsa. Ya ce akwai ɗaya a turken da ke gaban rumfar mahaifiyarsa a kasuwa, can take wuni tana sayar da barkono. Gwaggo ta ce su dawo gobe.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Da Yaya ya ji, ya kira daga Akra ransa a ɓace, ya ce ba a ba kamfani bango haka kawai ba tare da wani namiji ya duba sharuɗɗan ba. Tana tsaye kan simintin, masu benci na ji, ta ce masa ranar da ya gina nasa bangon sai ya kira maza su taru. Ta kashe. Sati bai zagayo ba ta ba direban mota kwano mai murfi ya kai masa.

Akwatin bai fi jakar makaranta girma ba. Suka ɗaure shi can sama kusa da rufi, suka sauko da waya zuwa mitar wuta, suka ja wata siririya ta bi saman gidaje zuwa bakin titi. Da magaribar ranar, muna alwala, sai muka ji waya tana ƙara a cikin ɗaki. Muka dubi juna. Sai wata ta kama a ɗakin gaba. Amaryar ɗakin ƙarshe ta shiga ta ja ƙofa, can muka jiyo dariyarta, irin wadda ba mu taɓa sanin tana da ita ba. Gwaggo ta ci gaba da wanke ƙafarta. Ta ce da ni kawai, in duba ko na rufe nono.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba abin rubutawa. Gidan da ke fuskantar namu na wata Badagombiya ce da duk lungu muke kira Mma. Ita da Gwaggo shekara guda aka kawo su unguwar suna amare. Tare suka yi goyo, tare suka yi takaba kusan lokaci ɗaya. Mma tana sayar da man kaɗanya da ƙuli-ƙuli. Hausarta irin ta Tamale ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinta. Gwaggo ta yi shekaru tana gyara mata, ita kuma tana gyara wa Gwaggo Dagbanci, ba wadda ta canza.

Ba a daɗe da sa akwatin ba, jikar Mma, jaririya mai rarrafe, ta kamu da zazzaɓi mai zafi har ta fara sanƙarewa. A kwanakin kuma wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mata, wani mutum da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa akwatunan nan suna dafa jinin yara. A cikin ɗakunansu suka saurare shi, albarkacin akwatin. Mma ta fito da wasu mata a bayanta, idonta ja, ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na san tsoro ne ya kawo ta, Gwaggo ma ta sani. Amma Mma ta ce mata a gaban jama'a ta sayar da 'ya'yan unguwa ga kamfani. Gwaggo kuwa, maimakon ta rarrashe ta, ta ce ta fara kwashe ruwan da ke kwance a bayan ɗakinta yana haifar sauro, wanda rabonsa da tsintsiya tun mijinta na da rai.

Na ga fuskar Mma lokacin da aka ambaci mijinta. Ta juya ta shiga gida.

Washegari samari suka zo da tsani za su sauke akwatin. Gwaggo ta ɗauko kujerarta ta tsugunno ta dasa a gindin bangon, daidai inda ƙafar tsani za ta zauna, ta kama jan carbi. Dukansu a gabanta aka haife su, wasu ita ta yi wa uwayensu wankan jego. Suka tsaya suna kallon juna. Ta ce wanda zai ɗaga ta ya zo ya ɗaga. Ba wanda ya matso. A hankali suka sulale, tsanin ma tela ne ya mayar wa mai shi.

Da yamma ta sa ni na taya ta kwashe tukwane da kwanduna daga ɗakin ƙofar gida, wanda akwatin ke jikin bangonsa. Ɗaki ne ƙarami mai zafi, taga ɗaya, rana na dukansa wuni guda. Ta ce a shigar mata da gadonta. Na ce ɗakinta na ciki ya fi iska, ga ta da hawan jini. Ta ce:

"Na ce wa mutane ba ya cutarwa. Ni ma faɗa mini aka yi. Idan yana kisa, ni ce tsohuwa, ya fara da ni."

Daga baya ta gaya mini kwanakin farko da tsoro ta yi su, duk ciwon kai kaɗan sai gabanta ya faɗi. Da ranar ganin likitanta ta zo, bayan an auna ta, ta ƙi tashi sai da ta tambaye shi game da akwatin. Ya ce shi bai san wani ciwo da yake kawowa ba, gishirin da take ci ya fi ba shi tsoro. Ta dawo tana mita, wai ta je da tambaya ɗaya an hana ta daddawa da kifi busasshe.

Jikar Mma ta warke. A asibiti an ce zazzaɓin sauro ne, aka yi mata allurai. Amma da aka sallame su, Mma ta tura uwar da jaririyar gidan 'yan'uwansu a Kanvili suka yi watanni, kuma har yau ta yi imani nesanta ta da akwatin ne ya cece ta. Gwaggo ta riƙe nata, Mma ta riƙe nata. Suka daina gaisawa. Ƙofa na kallon ƙofa, idan ɗaya ta fito ɗaya sai ta koma. Wannan ya ci Gwaggo fiye da yadda ta nuna. Na sha ganinta da hantsi, lokacin da suka saba zama tare suna tsince gyaɗa, ta rasa abin yi da hannunta.

Ta aika kwano mai murfi. Ya dawo yadda ya tafi, ba a ko buɗe ba. Ta bari aka gama azumi, ta sake aikawa ranar sallah. Wannan karon ya kwana biyu, sannan ya dawo a wanke, da curin man kaɗanya a ciki. Washegari Mma ta leƙo ta yi gaisuwar safe da Dagbanci, ta ce "Dasiba," Gwaggo ta amsa "Naa," kamar jiya suka rabu. Ba su taɓa tayar da maganar akwatin ba har abada. Mma dai ba ta bin gindin bangon, sai ta ratsa ta ɗaya gefen, kuma ta ci gaba da zuwa kan simintin bakin shagon tela idan za ta yi waya, ita kaɗai a duk lungun.

Shekaru suka wuce. Na yi aure na koma Gurugu inda nake koyarwa. Akwatunan suka yawaita kamar yadda injiniya ya faɗa: a jikin benayen bakin titi, a kusa da masallacin Juma'a, a turakun hanyar asibiti. Mutane suka daina ganinsu. Samarin da suka zo da tsani su ne suka koma zama a gindin bangon Gwaggo da yamma suna kallon ƙwallo a waya, ita kuma tana korarsu idan ihu ya yi yawa. Ƙura ta lafa, amma ba ta koma ɗakinta na ciki ba. Na yi magana har na gaji. Ta ce ta riga ta faɗa a gaban mutane.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata wanda ba ta samu ba. Matan Fulani sun ga yadda lungunmu ya canza, suka roƙe ta ta sa baki a kai musu irinsa, domin a rugarsu sai an hau tudu ake samun kira, mace na naƙuda ma sai an tura mai babur. Gwaggo ta sa aka nemo mata injiniya. Ya yi mata bayani cewa ƙaramin akwati na wurin da mutane suka cunkushe ne, yana bukatar wuta da wayar da za ta haɗa shi da sauran. Su can dogon ƙarfe ne maganinsu, wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Ta ce ya kai maganar gaba. Duk sanda ya zo duba akwatin sai ta tare shi da ita, ko ruwa ba ta bari ya sha ba. Ta sa ɗan majalisa a gaba shi ma. Har ta kwanta ciwo ba a yi ba. Ta ce da ni abin kunya ne, mu da muke shan nono muna waya daga kan gado, masu tatsarsa suna hawa tudu.

Ciwon ajalinta bai ja ba. Gefen jikinta ya yi nauyi, aka kwantar da ita a asibiti, ta matsa aka dawo da ita gida. Na dawo Sakasaka ina jinyarta. Harshenta ya ɗan karye amma hankalinta garau. Kullum sai ta sa in kira mata wani cikin dangi, ta nemi gafara a taƙaice, ta miƙo mini wayar in kashe. Mma tana zuwa kowace safiya, ta ajiye kujera a tsakar gida daidai ƙofar ɗakin, ba ta shiga. Daga nan suke hira, ɗaya a gado ɗaya a waje, yawanci kan mutanen da suka riga su tafiya. Ranar da Gwaggo ta cika ne Mma ta tsallaka ƙofar. Ita ta riƙe mata kai aka yi mata wanka.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya tara mu ya ce zai rushe ɗakin ƙofar gida da bangon ya fitar da shaguna, don gidan ya riƙa ɗaukar nauyin kansa. Ban ga laifinsa ba, rufin ciki duk yana yoyo, kuma shi zai ji da shi. Amma hakan na nufin dole akwatin ya sauka. Matan haya suka shiga damuwa. Wasu da sana'arsu ta koma ta waya suka fara maganar tashi.

Injiniya ya zo da safe, furfura ta fara fito masa. Ya yi mana gaisuwa, ya tsaya ya yi wa Gwaggo addu'a a ƙofar ɗakin. Sannan ya zagaya lungun yana duba bangaye. Ya dawo ya ce da mu a hankali, bango ɗaya ne kawai yake da tsayi kuma yake kallon kwanar yadda ake so. Bai nuna da hannu ba, duk mun san na Mma ne. Ba wanda ya yi niyyar zuwa ya tambaya. Yaya ya ce a bari kawai, tsohuwa ce, kada a tayar mata da hankali cikin makoki.

Ashe Mma tana zaune a soronta tana jinmu. Ta fito tana dogara bango, ta kira shi da hannu.

"Injiniya, zo nan. Abin nan, ni har yau ban yarda da shi ba."

Ya ce ya sani, Mma.

"Amma ƙawata ya ce a gaban mutane zai zauna a lungun nan. Shi ya tafi, maganarsa bai tafi ba. Ka kawo shi bangona." Ta ɗaga sandarta ta nuna. "Ba can wajen yara ba. Nan, kan ɗakina."

Injiniya ya dube ni. Mma ba ta jira godiya ba, ta juya ta koma ciki. Kafin sati ya ƙare aka mayar da shi. Yana can yanzu, saman tagarta.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ka san kaifin harshenta, Ka kuma san abin da ke cikin kwanon da take aikawa. Ka yafe mata na farko, Ka karɓi na biyu. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da ƙaninta a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon tsayawa kan abin da muka faɗa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata Fatiha.